Yadda Na Hana Sanusi Wuce Sabon Maci

Ni dai ba ni son tafiyar da ba a tambayar mutanen gida. Sanusi kuwa, ɗan yayata Hadiza, ya kai Kwatano da Lome da jikka guda goye a baya kamar jariri, yana kwana a tasha, yana cin burodi da sardin. Yana dawowa ya ce zai koma. Yaya ta daina cin tuwo. Ta ce mini, "Tunda za ki Sabon Maci gaida Baba Idi, ku tafi tare. Kar ki bari ya kai Maradi, can yake shiga motar ƙasar waje."

Dakoro

Mun fito daga garinmu Dakoro bayan asuba. Sanusi ya dubi kayana ya ce, "Inna, ƙaura za ki?" Kafin mota ta cika, maƙwabta sun ji labari. Wannan ta kawo daddawa a kai wa ɗiyarta, wancan takalmin amarya. Na ce hannuna ya cika, amma ga jikkar Sanusi da fili.

A shingen jandarma aka buɗe jikkar. Jandarman ya toshe hanci ya ce, "Tafi, tafi, Allah ya kiyaye hanya!"

Kornaka

Na ce wa direba mu nan za mu sauka.

"Inna, ba mu iso ba fa!"

"In wuce garin aminiyata ban gaishe ta ba? Da wane ido?"

Muka sha fura, aka yi mana dambu, aka kai Sanusi gidajen dangin ubansa. Wata tsohuwa ta shafa kansa ta ce, "Kai ne mai yawon nan? Dubi wuyanka, can ba su dafa abinci?" Ya ci kwano biyu, ya yi barci a gindin itacen bedi. Muka kwana.

Sabon Maci

Washegari da hantsi muka isa. Sanusi ya raba saƙonni, ya kakkaɓe jikka, ya durƙusa yi wa Baba Idi, ƙanen mahaifinmu, bankwana. Ni kuwa na riga na raɗa wa tsohon magana.

Baba Idi ya sa aka kamo ƴar akuya. "Ka kai wa uwarka, hannu da hannu. Innarka ƙafarta ba ta da lafiya."

Nan take na fara ɗingishi.

"Kaka, motar Maradi..."

"Maradi tashi za ta yi? Amana ce na ba ka."

Gida

Akuya ta ƙi zama a mota, sai cikin jikkar, kanta a waje, tana taunar kunnen rigarsa har Dakoro. Yaya ta gan su a ƙofa, ta yi dariya har da hawaye, ta ɗora tukunya.

Mun gode wa Allah da ya maido mu, mun gode wa Baba Idi. Sanusi ya ce bayan girbi zai tafi. To, ina da ƙawa a Mai Yara wadda ta daɗe ba ta gan ni ba, kuma ƙafar nan har yanzu ba ta warke ba.