Farin tabon da na so kankarewa

Shekarun baya, lokacin ina haya da moto, wato babur, a Garwa, wata tsohuwar malamar makaranta da nake yawan ɗauka ta tashi sauya gida. Kayanta duk sun tafi a mota, sai wani hoton fenti guda da ta naɗe da zani, ta ce ni zan kai mata.

"Ɗana, marigayi mijina ne ya zana shi. Ba ni da wani abu nasa sai wannan."

Ruwa ya kama ni wajen gadar Binuwai. Na fake a wata rumfa, na buɗe zanin in duba. Launuka duk sun cakuɗe, kore ya hau shuɗi, ja ya shiga rawaya, ga wani farin tabo a tsakiya kamar kashin tsuntsu. Na ce shi ke nan, ruwa ya narkar da amanar baiwar Allah. Har na kai farce zan kankare tabon, sai na ce bari dai in kai wa gwani.

Gwanin nawa kuwa abokina ne mai rubuta allunan shaguna. Na ce, "Rufa min asiri, ɗauko buroshinka ka gyara. Fara da goge farin nan."

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya dube ni. "Fentin mai ne, ruwa ba ya cin sa. Kai ne ka jiƙe. Tsallaka titi ka kalla."

Na tsallaka ina gunaguni. Da na juyo, wallahi sai ga lambu! Inuwar mangwaro, furanni a bakin hanya, hasken hantsi yana ratsa ganye har ka rantse iska tana kaɗa su. Na saki baki a wurin, sai da wani mai moto ya daka min tsawa na kauce.

Da na kai mata, ta jingina shi da bango, ta ja da baya har bakin ƙofa.

"Lambunmu ne a Poli, shekarar da muka yi aure," in ji ta. "Ka ga farin can a gindin mangwaro? Ni ce, ina tsince shinkafa."

Na ce, "Na gani, Mama." Na tura hannuna aljihu.

Ban taɓa gaya mata cewa na kusa kankare tabon ba har Allah ya yi mata rasuwa. Ban san komai a kan zane ba, amma har yau ina jinjina wa mutumin da ya ajiye matarsa a ɗigon fenti guda, ta kuma gane kanta. Duk sanda na tuna inda farcena ya kai, sai tsigar jikina ta tashi.