Ɗan Gulmar da Ke Hannuna

Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, numfashin maganar ne babu.

Sati uku da na haifi Rahila abin ya fara. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya sau biyu ina haki. Daga asibiti a nan Zuru aka tura mu Sakkwato, aka yi hoton zuciya, likita ya ce zuciyata ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata. Kwana goma sha shida na yi a gado, ina kallon jaririyata ina tunanin wa zai rene ta. Na ji tsoro ƙwarai.

Ranar sallama suka ɗaura min wani agogo mai ƙirga bugun zuciya, yana aika musu ta wayata. Suka ce in bar gishiri da kanwa, mu sayi sikeli in riƙa hawa kowace safiya. Magani ya riga ya cinye mana awaki biyu, sai muka ce sikeli ya jira.

Maigidana soja ne, ya koma bakin aiki, mahaifiyarsa ta zo daga Danko ta zauna da ni a unguwarmu Rikoto. Mama ba ta ƙaunar agogon nan, ɗan gulma take ce masa. Kuma a wurinta babu jego sai da kunun kanwa. Kada in ɗora mata laifin ita kaɗai, ni ma har ƙari nake nema.

Cikin sati biyu na cika, kumatu suka fito, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Matan zumuntar cocinmu suka zo gaisuwa suna ta cewa na murmure, har waƙar godiya suka yi. Mama sai washe baki take.

Wata Talata da hantsi nas ta kira daga Sakkwato. Ta ce kwana huɗu ke nan bugun zuciyata yana hawa ko ina zaune. Na ce mata lafiyata lau, har ƙiba na yi.

"Danna ƙafarki da yatsa, ki gaya min abin da kika gani."

Na danna. Ramin ya zauna, bai taso ba.

"Wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Tafi asibiti yanzu, kada ki jira gobe."

Kwana uku ana yi min allurar sa fitsari. Likita ya ce da na ƙara sati, da ruwan ya cika min huhu. Mama ko tuwo ba ta iya ci ba. Da muka dawo gida ta ɗauki ƙullin kanwar ta miƙa wa maƙwabcinmu, ta ce ya ba shanunsa.

Makon jiya aka sake hoto, zuciyar ta soma ƙarfi. Yau da kaina na goya Rahila zuwa coci.

Masu jego, in kina haki kada ki ce gajiyar haihuwa ce. In an ce ki sayi sikeli, ki saya. In kin cika cikin 'yan kwanaki, danna ƙafarki kafin ki amsa barka.

Na gode wa Ubangiji, da nas ɗin da ba ta yarda da "lafiya lau" ɗina ba, da ku masu addu'a.

Yanzu in babu wuta, Mama ce ke kai agogon shagon caji da kanta, ta zauna ta tsare shi. In ta dawo ta ɗaura min, sai ta ce, "To, bar shi ya yi ta gulmarsa, 'yata."