Gonar da Na Ba da Aro Na Hana a Kawo Mini Dami

A wancan lokacin ni mace ce mai jini a jika, ina aure a Azare, ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, kuma babu abin da nake so kamar a ce wance hannunta a buɗe yake. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Wannan da kuke karantawa ni ke faɗa, 'yata ke rubutawa. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, wata gona ta faɗo a rabona, can ƙauyenmu a hanyar Shira. Mijina ɗan kasuwa ne, bai san kan fartanya ba, 'ya'yana kuma ƙanana. Sai na ba wani maƙwabcin mahaifina aronta, dattijo mai iyali da yawa, a gaban mai unguwa da wani mai amalanken shanu. Kamar yadda aka saba a wajenmu, duk kaka yakan aiko mini da dami biyu na gero a wannan amalanke. Ba haya ba ce, alama ce ta cewa ya san gonar tana da mai ita.

Shekara huɗu ana haka. A ta biyar ruwa ya ɗauke da wuri, amma duk da haka dattijon ya aiko. Ranar tsakar gidana cike yake da mata masu sayen mai, sai na ɗaga murya na ce a mayar masa, kuma kada ya sake aikowa, bakunan da ke gidansa sun fi ni buƙata. Mai amalanken ya yi mini magana ƙasa-ƙasa, ya ce in karɓi ko zangarniya goma ce saboda gaba. Na ce masa ni ba a koya mini alheri. Tausayi na ji, gaskiya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, shewar da matan nan suka yi ta fi tausayin daɗi a kunnena.

Kwanci tashi, shekara ashirin da ɗoriya suka wuce. Mijina ya rasu, mai unguwa ya rasu, dattijon ma ya bi su. Sai babban ɗana ya kwanta bai tashi ba, ya bar mini marayu biyar. A nan na tuna ina da gona. Na shiga mota na tafi ƙauye, na tarar da ɗan dattijon yana kai taki. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Goggo, amma da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya miƙe. Ya ce tun yana goye ake kawo shi gonar nan, bai taɓa ganin an fitar da ko ƙwaya ɗaya da sunan wani ba, gadon ubansu ce.

Na kai ƙara kotun shari'a ina ganin da na buɗe baki an gama, tunda ni ce mai gaskiya kuma ga furfura. Alƙali ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce shi bai halarci aron ba, kuma ba ya hukunci da abin da ke cikin zuciyar mutum. Ya ce wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Ya ƙara da cewa wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara goma, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, ba a sauraron da'awarsa, sai in ya tabbatar da cewa aro ne ko jingina. Na gabatar da autana, aka ce ɗa ba ya yi wa mahaifiyarsa shaida. Na kawo wani tsoho daga ƙauye, alƙali ya tambaye shi ya gani ne ko ya ji. Tsohon ya ce ai duk gari an sani. Alƙali ya ce to a cikin duk garin nan a nemo masa mai ido ɗaya da ya gani. Mutane suka yi dariya.

An ba ni mako biyu. Wani ya ba ni shawara a samo wanda za a koya wa abin da zai faɗa, na ce ba zan ciyar da marayu da geron shaidar zur ba. Na shiga neman mai amalanken nan. Aka ce ya koma Dambam wajen ɗansa. Sau biyu ina zuwa da ciwon ƙafata ban dace ba, a na uku na same shi, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Muryata kawai ya ji ya ce ashe wadda ba a koya wa alheri ce. Na haɗiye, don na cancanta. Ya zo kotu ya faɗi inda aka zauna ranar aron, ya lissafa iyakokin gonar huɗu da masu su, ya ce da hannunsa ya ɗora damin shekara biyar. Alƙali ya sa aka kawo masu tabbatar da cewa mutumin kirki ne, ya ba abokin shari'ata dama ya soki shaidar, bai sami abin suka ba. Sannan ya ce a sha'anin dukiya shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa sun wadatar. Na yi alwala, na ɗauki Alƙur'ani, na rantse. Aka mayar mini da gonata.

Jikokina suna cin geronta yanzu, amma ban fito da farin ciki ba. Na yi ta kiran yaron nan, ɗan dattijon, maci amana a zuciyata, alhali bai yi ƙarya ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma ni na goge abin da zai gani. Da mai amalanken nan ya rasu kafin in same shi, da rantsuwa ta koma kan yaron, da ya rantse da zuciya ɗaya, da marayuna sun tashi a banza, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi sai ni. Don haka 'yan'uwana mata, in za ku ba da aron gona ko ɗaki, ku kira shaidun da ba 'ya'yanku ba, ku sa a rubuta, kuma kada kunya ko son yabo su sa ku ƙi karɓar alamar da al'ada ta tanada. Kotu ba ta auna kirkinki, abin da aka gani take aunawa. Na aika wa yaron cewa in yana so ya ci gaba da noma rabin gonar, da takarda da shaidu. Ya mayar da ɗan aiken ba amsa. Bayan sallah da ƙafata zan je, in ya ƙi fitowa in zauna a zaurensa har ya fito.