Sahabi da Ƙarfen da Ba Ya Jin Hausa

Sahabi maƙeri taubashina ne, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, Allah ya jiƙan rai. A Katanga anka haife shi, a gindin zugazugi ya tashi, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, hauyar da ya ƙera sai ta ga jikokin mai ita. Matsalarsa guda ce, baki. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, in ya fara yabon kansa ko maroƙi sai ya koma gefe ya huta.

Shekarun da Nasara sunka fara shigowa, wasu fatake sunka taho kasuwar Jega daga wajen Yawuri da wani faifan ƙarfe, takarkari biyu na jan sa a ƙasa. Faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, kaurinsa ya fi babban yatsa, gefensa duk kawunan ƙusa. Sunka ce ɓallin tukunyar jirgin Nasara ne mai hayaƙi, wanda ya mutu a kogin Kwara. A cikinta ake tafasa ruwa a toshe, tururin ya tura jirgi. Sahabi ya ce ƙarya ne, tuwo ake tuƙa wa jirgin.

Maƙeran Jega sunka ƙwanƙwasa ƙarfen, sunka ji ƙararsa, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Ban da gwanin naku. Ya hau kan faifan ya tsaya, gaban Magaji, babban maƙeran yankin, ya rantse zai fitar da hauya daga jikinsa kafin ruwan farko, in ya kasa ya aje masaba har abada. Magaji ya ce ya ji, jama'a ma sun ji. Masabar nan kuwa, wato gudumar ƙira, ta kakansa ce, ba shi da wata sana'a bayanta.

Anka jawo masa faifan har Katanga, wata biyu anka yi ana abu guda. Gawayin ƙirya ya ƙare a Katanga, anka koma saye daga Maiyama. Zugazugi uku sunka fashe, awakin matarsa Zaituna biyu sunka tafi a gyaran su, ta daina gaishe shi da safe. Ƙarfen tamar da ya saba da shi, da ya sha wuta yake laushi. Wanga kuwa sai tsakiyarsa ta ɗan yi ja, kafin a ɗaga masaba ya huce, ya bar Sahabi da gemu a babbake.

Daga nan sai ya gano dalili, wai ƙarfen ba ya jin Hausa, shi ya sa kirarin maƙera bai kama shi ba. Ya aika Aliero anka kirawo Jibrilla, wani mai albasa da ya taɓa yi wa Nasara dako. Jibrilla ya ci tuwo ƙwarya guda, ya gyara hula, ya daka wa ƙarfen tsawa da Turanci har sau bakwai. Da na matsa masa ya gaya mini ma'anar abin da ya faɗa, sai ya ce abin da Bature ke yawan ce masa ne, kawo ruwan zafi. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Sahabi ya daina surutu, abin da ban taɓa gani ba, kuma gaskiya na tsorata. Ya koma kusurwa guda ta faifan da kurfi, abin yankan ƙarfe, yana sara, kwana tara, har ya ɓalle ɗan guntu kamar ƙwayar dabino. Ya buge shi, ya wasa, ya sa masa ƙota da tsinken tsire. Ranar da anka yi ruwan farko ya kai wa Magaji a tafin hannu.

"Baba, hauya na ce zan ƙera. Ban faɗi girmanta ba."

Magaji ya juya ta, ya kusa haɗiye goronsa. Ya ce ba a kiran abu hauya sai ya yi noma, ga kunya guda a gonarsa, taki arba'in, in Sahabi ya nome ta da wannan, masaba tasa ce. Ya sa anka kawo masabar ya aje a wurinsa.

Sahabi ya durƙusa kuwa. Ran farko har daga Danwarai mutane sunka zo kallo, mai fura ta kafa ƙwarya a bakin gonar, ni ce kan gaba wajen tsiya, ina tambayarsa ko in aro masa allura ya yi huɗa. Ya ci gaba da nomansa. Rana ta biyu gwiwoyinsa sunka sale, ya ɗaura musu tsumma. Rana ta uku babu mai dariya, ni kam kunya ta kama ni, na tsaya nesa.

Da la'asar ya kai ƙarshen kunyar. Magaji ya ɗauko masabar da kansa ya miƙa masa. Yatsun Sahabi sun kumbura, sun ƙi lanƙwasuwa, sau biyu tana suɓuce masa. Sai ya sa damatsansa ya rungume ta a ƙirji, ya miƙe da ƙyar, ya kama hanyar gida yana ɗingishi.