Kofin da Lawali ya kife

Yau da safe ƙanen Lawali ya kira ni daga Garhanga, ya ce Lawali ya rasu. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda ke bina a nan sun san shi ta bidiyo: ƙaton mushen lakwal ɗin nan, wato malamin makaranta, da ke jingina salula da gwangwanin sukari yana bayanin wasan labari da Hausa. Mu kuwa a fadarmu ta Madawa munka san shi, wajen hira da shan shayi.

Shi ya zo mana da wasan daga Yamai. Mutum guda yana ba da labari, sauran kowa da gwarzon da ya ƙirƙira, sai ɗan ludo mai fuska ashirin ya yanke ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Kowa ya zaɓi mai takobi ko mai kwari da baka. Lawali ya ce shi maroƙi yake so, mai rawa, sunanshi Taka-Sannu. Ba ya faɗa da kowa. Rawa kawai yake har abokin gaba ya manta abin da ya kawo shi.

Abin dariya, Lawali bai iya rawa ba ko kaɗan. Wallahi in ya tashi kamar ana girgiza buhun gero. Amma sai ya tashi. Duk lokacin da Taka-Sannu zai taka, sai ya miƙe bisa tabarma ya gwada mana, ya ɗauka ya saka a intanet. Muna ce mishi masu kallonshi ba su cika mota guda ba. Sai ya ce, "To, motar tawa ce."

Shi ya matsa mini in zama mai ba da labari, ni da ke in'ina in mutane sun yi yawa. In magana ta maƙale mini, sai ya shiga zuba shayi yana surutu har in samu kaina. Bai taɓa nuna ya lura ba.

Yana da doka guda: in tashi ya kama ana tsakiyar jifa, a kife kofi bisa ɗan ludon, ba mai dubawa sai an sake haɗuwa duka.

Asabar ɗin ƙarshe da ya zo, labari ya kai mu ƙofar wani gari, maƙiya na bayanmu, mai tsaron ƙofa ya ƙi buɗewa. Ba abin da ya rage sai rawar Taka-Sannu. Lawali ya tashi ya yi girgizar tashi, munka yi dariya har abokinmu Rabi'u ya ƙware da shayi. Ya jefa ɗan ludo bisa teburin ɗakina, inda muke wasan ranar, sai ga hadari ya haɗo daga gabas. Dole ya kama hanyar Garhanga kafin ruwa ya cika ƙorama ya tare moto, wato babur ɗinshi. Ya yi wuf ya kife kofin silba a kai.

Ya ce mini, "Sani, amana ce. Kada wanda ya buɗe sai na dawo."

Na ce ya yi sauri kada ruwa ya jiƙa mana maroƙi. Kalmata ta ƙarshe gare shi ke nan, tsokana.

Kofin yana nan bisa tebur a ɗakina, ko matata ba ta share wajen. Ɗazu Rabi'u ya zo, idonshi ja, ya ce mu buɗe mu ga ko rawar ta ci. Na kai hannu, na kasa. In lambar ƙarama ce fa? In ce rawarshi ta ƙarshe ta faɗi?

Ba zan buɗe ba. Ni ke ba da labari, shi ya ba ni wannan aikin, don haka ga hukuncina: mai tsaron ƙofa ya yi dariya, ya buɗe, duk munka shige. Taka-Sannu kaɗai ya tsaya a baya, bai gama rawa ba.

Ina kewarka, Lawali.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya ba Innarka da iyalinka haƙuri. Don Allah, duk wanda girgizar nan ta taɓa sa shi dariya, ya tsaya ya yi mishi addu'a kafin ya wuce wannan rubutu.