Sybren Algra da Bugun Ƙarshe na Shanun Jelle

Kafin motar madara ta ratsa ƙauyen, Sybren Algra ya riga ya jingine kekensa a ƙofar shagonsa na buga hotuna, ya jiƙa takardu, ya ɗora kofi. Masu zane ne ke karce hoton shanu da filayen kiwo a farantin tagulla. Shi kuma ya cusa tawada cikin karcen, ya share saura da tafin hannu, ya matse a inji har hoton ya hau takarda. Sunan mai zane ake rubutawa a ƙasa, nasa bai taɓa hawa ba, kuma ko a jikinsa.

A watan nan zai rufe shagon, don hannu ya fara rawa. Abin da ƙauyen ba zai manta ba shi ne abin da ya yi wa maƙwabcinsa Jelle, mai kiwon shanu.

Marigayiya Aukje, matar Sybren, mai zane ce. Aikinta na ƙarshe garken Jelle ne a bakin magudana, da allura kawai ta karce shi. Irin wannan karce ba ya jure inji, kowane bugu cin sa yake yi. Duk abin da aka buga an sayar, farantin kuma bugu ɗaya mai kyau kawai zai ƙara iya bayarwa. Sybren ya tanadar wa kansa shi, amma ya kasa bugawa. In kewa ta ishe shi, sai ya karkata farantin a haske, ya bi sawun hannunta da ido.

Sai annobar dabbobi ta shigo, hukuma ta kashe garken Jelle kaf. Bayan an daɗe, Jelle ya leƙo shagon, duk ya rame.

"Tsoho, har yanzu kana shafa wa kanka baƙi?" in ji shi.

"Kai kuma har yanzu kana warin kashin shanu."

"Ina fa. Warin ma ya tafi." Jelle ya sunkuyar da kai. "Ka tuna jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho? Na rufe ido, na kasa ganin fuskarta."

Sybren ya ɗauko farantin, ya shafa tawada, ya juya inji. Shanun suka fito ras, har da mai karyayyen ƙahon.

"To, kai fa?" Jelle ya tambaya.

"Ɗauki ka ɓace mini, kafin in dawo hayyacina."

Kai ne, Sybren, ka san abin da za ka rasa, ka kuma juya injin da hannunka. Mu mutanen ƙauyen, abin yana mana ciwo har yau. Mun gode, mai baƙin tafi. Masu tasowa su koyi irin wannan kyauta, wadda ake yankowa daga tsoka. Hoton yana bangon Jelle, kai kuwa za ka koma gida da farantin da karcensa ya shafe, in ka karkata shi a haske, fuskarka kaɗai za ka gani.