Fursunan da Kowa Ya Yafe Masa

Bayan na kammala jami'a, na shiga wata ƙungiya mai ba fursunoni shawarar shari'a kyauta. Aikina shi ne in zauna a kan benci a gidan yari, in saurari masu jiran shari'a, in kai wa lauyarmu abin da na ji. A gida kuwa mahaifiyata ta riga ta shaida wa maƙwabta cewa na zama lauya, ni kuma ban ga dalilin ɓata mata rai ba.

A can na haɗu da wani manomi daga Furana. Sun yi rigima da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, sanda ta shiga maganar, maƙwabcin ya kai ƙara da rauni a goshi. Tun lokacin saran rake aka tsare shi, ga shi har hadari ya fara haɗuwa. Idan damina ta sauka yana ciki, babu mai shuka masa, iyalinsa kuma ba shari'a za su tuƙa su ci ba.

"Ai maganar nan ta mutu, Malam," in ji shi. "Dattawa sun zauna, an shafa fatiha."

"To, me kake yi a nan?"

"Jira nake su lura."

Madalla da wannan kyakkyawan zato! An sasanta a gindin bishiya, aka kuma ɗauka iska za ta kai wa kotu labari.

Na hau acaɓa na tafi wurin mai ƙarar. Dattijo ne mai fara'a. Sai da ya tambaye ni gajiya, da gida, da mutanen da ban taɓa haifa ba, sannan na samu faɗin abin da ya kawo ni.

"Baba, sai kun je gaban alƙali kun janye ƙara da bakinku."

Ya ajiye ludayin furarsa. "Yaro, bayan fatiha? So kake a ce na tono abin da dattawa suka binne? Ni da nake aika masa da dambu kowace Juma'a!"

Ashe saboda tsananin zaman lafiya ne mutum zai ruɓe a kurkuku, yana cin dambun wanda ya kai shi.

Da na mayar wa lauyarmu, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce in daina roƙonsa, in roƙi waɗanda suka ɗaure shi da kunya. Na je wurin mai unguwarsu, dattawa suka sake zama, suka yanke cewa dattijon zai je kotu ya janye, amma ba ƙara zai je ba, aikensa suka yi.

Ranar zaman, alƙali ya tambaye shi ko shi ne mai ƙara.

"A da ne, ranka ya daɗe. Yau ɗan aike ne ni."

Aka sallami manomin. Ruwan farko ya riga ya wuce shi, amma na biyu yana tafe, zai samu shuka masararsa. Na raka shi da dattijon tasha. Kafin mota ta cika, na ji dattijon yana cewa, cikin ladabi matuƙa, ai gambar da ke kan iyakar ma kakansa ne ya dasa ta. Manomin ya dubi sama, inda hadari ke taruwa, ya ce a bar zancen sai bayan kaka.